Zanen Fenti na Zamani da Ma'anarsa

Zanen fenti na zamani shi ne aikin da masu zane suke yi da fenti a kan ƙyalle, katako ko bango tun daga wajen shekarun 1960 zuwa yau. Masana tarihin fasaha kan raba shi da zangon da ya gabace shi, wanda ya faro a Turai wajen 1860, ko da yake ba su yi ittifaƙi kan shekarar da wancan ya ƙare wannan ya soma ba. Ba shi da salo guda. Akwai zanen da ke kama da hoton kyamara, akwai kuma wanda babu komai a cikinsa sai launi biyu.

Asali

Kafin a fito da fasahar ɗaukar hoto a 1839, babban abin da ake nema wajen mai zane shi ne kamanni. Da kyamara ta karɓe wannan aikin, sai masu zane suka koma kan launi, layi da yanayin shafa fenti. Wajen 1911 Wassily Kandinsky ya fara zanen da ba ya kwaikwayon komai, a 1947 kuma Jackson Pollock ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana ɗiga masa fenti. Abin da masu zanen yau suka gada ke nan, shi ya sa tambayar "me aka zana?" ba ta cika kai mai kallo nesa ba.

Inda ma'ana take

Wani lokaci alama ce ke ɗauke da saƙon. A hoton Barack Obama da Kehinde Wiley ya zana, aka ƙaddamar a 2018, furannin da ke bayan kujerarsa iri uku ne: ɗaya na nuni da Chicago, ɗaya Hawaii inda aka haife shi, ɗaya Kenya ƙasar mahaifinsa. Wanda bai san haka ba, ganye kawai zai gani.

Sau da yawa kuma yadda aka yi zanen shi ne maganar. A ranar 18 ga Oktoba 1977 aka wayi gari da mutuwar wasu jagororin ƙungiyar Baader-Meinhof, masu tayar da ƙayar baya da makami, a kurkukun Stammheim na Jamus ta Yamma. Hukuma ta ce kashe kansu suka yi, magoya bayansu suka ce kashe su aka yi. Bayan shekara 11, mai zane Gerhard Richter ya ɗauko hotunan 'yan sanda da na jaridu, ya yi zane 15 daga cikinsu, duka da launin toka, sannan ya goge fentin tun yana ɗanye har siffofin suka yi dishi-dishi. Mai kallo na ganin gawa a kwance, yana ganin ɗakin kurkuku, amma ko ya matsa kusa ba zai ƙara ganin komai ba. Richter bai wanke kowa ba, bai kuma la'anci kowa ba, wannan ne ma ya jawo masa suka. Masu sharhi da dama na ganin dishi-dishin nan shi ne zuciyar aikin: lamari ne da ƙasar ta kasa kalla ido da ido, ta kuma kasa mantawa.

Haka abin yake a kayan aiki da launi. Anselm Kiefer, da aka haifa a Jamus a 1945, yana cakuɗa toka, ciyawa da dalma a fentinsa idan yana magana kan ɓarnar yaƙi. Kerry James Marshall kuwa yana zana baƙaƙen fatar Amurka da baƙin fenti wuluk, da gangan, domin ba kasafai ake ganinsu a bangon manyan gidajen adana zane ba.

Wa ke da ikon fassara

Tun tsakiyar ƙarni na 20 ake jayayya kan wannan. Wasu na cewa niyyar mai zane ita ce ma'anar, wasu na cewa da zarar aiki ya bar hannunsa, mai kallo ma na da ta cewa. Masu zane da yawa sun bar ƙofar a buɗe: Mark Rothko ya daina raɗa wa ayyukansa suna, sai lamba ko sunan launi. Sai dai ba kowace fassara ce ke tsayawa da ƙafarta ba. Wadda ake girmamawa ita ce wadda mai yin ta zai iya nuna hujjarta da yatsa a jikin zanen.

Kallo

Wani bincike da aka yi a gidan adana zane na Metropolitan da ke New York, aka wallafa a 2001, ya gano cewa matsakaicin lokacin da mutum ke tsayawa gaban zane sakan 27 ne. Malaman fasaha kan ba da shawarar a fara da faɗin abin da ido ya gani, a duba inda haske ya taru da inda buroshi ya bi, sai daga baya a karanta bayanin da ke maƙale a bango. Girma ma na da tasiri, abin da allon waya ke ɓoyewa: zanen da Julie Mehretu, haifaffiyar Addis Ababa, ta yi wa wani banki a New York ya kai kusan mita 24 daga gefe zuwa gefe.

Kasuwa

Farashi kan rinjayi yadda jama'a ke kallon aiki, alhali abin da yake aunawa shi ne shaharar mai zanen, ƙarancin ayyukansa da gasar attajirai. Zanen ƙoƙon kai da Jean-Michel Basquiat ya yi a 1982, wanda aka saya kan kimanin dala 19,000 a 1984, an yi gwanjonsa a 2017 kan dala miliyan 110.5.