Zuwa Essawira Sauraron Kiɗan Gnawa: Tambayoyi da Amsoshi

Ina ne Essawira, kuma me ya sa ake danganta ta da kiɗa?

Ƙaramin gari ne a gaɓar Tekun Atlantika a ƙasar Maroko, yamma da Marrakesh. Turawa sun daɗe suna kiransa Mogador. Sarki Sidi Muhammad bin Abdallah ne ya gina shi a siffar da yake yanzu a shekarun 1760, da ganuwa da ƙofofi da tashar jiragen ruwa, domin kayan ayarin da ke tasowa daga Timbuktu su sami hanyar fita teku. A 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Kiɗan da ya yi suna da shi kuwa Gnawa ne, gadon jikokin mutanen da aka tsallaka da su Sahara a zamanin bauta. Har yau ana jin sunayen Bambara da Hausa da Fulani a cikin waƙoƙinsu.

Da me ake kiɗan?

Jagoran ƙungiya, wanda suke kira ma'allam, shi ke riƙe da gimbri: itace ne da aka fafe aka rufe da fatar raƙumi, da tsirkiya uku ta hanjin akuya. Wanda ya san garaya zai gane danginta ne, sai dai muryar gimbri ta fi kauri da zurfi. Ma'allam na kaɗa tsirkiya yana bugun fatar da hannu ɗaya, shi ya sa kake jin kamar akwai ganga alhali babu. Yaransa suna kaɗa ƙaraƙib, ƙarafa bibbiyu a kowane hannu, suna amshi suna rawa. Marigayi Mahmoud Guinia, ɗan garin da ya rasu a 2015, na cikin ma'allaman da suka fi shahara.

Yaushe ya fi dacewa a je?

Ya danganta da abin da kake nema. Bikin Gnawa na duniya, wanda aka fara a 1998, yakan faɗo a watan Yuni, kwana uku zuwa huɗu. A lokacin ne za ka ga manyan ma'allamai daga ko'ina a Maroko suna haɗuwa da makaɗan jaz da na Afirka ta Yamma a dandalin Moulay Hassan da kuma bakin teku. Akasarin filin kyauta ne, gaba-gaba da ƙananan wurare ne na tikiti. Matsalar ita ce cunkoso: masauki yakan ƙare tun watanni kafin biki, kuɗinsa kuma ya hau. Wanda bai kama ɗaki da wuri ba sai ya kwana nesa da gari.

A ganinmu, mai son jin kiɗan da kyau ya fi ƙaruwa a ƙananan wuraren, inda ba a danne gimbri da lasifika. Idan ba lokacin biki ba ma ana samun ƙungiyoyi suna wasa da dare a gidajen abinci da wuraren al'adu, cikin natsuwa.

Na ji ana cewa "lila". Ita ce wasan da ake gani a dandali?

A'a, kuma nan ne baƙi suka fi kuskure. Wasan dandali nishaɗi ne. Lila kuwa taron dare ne na neman waraka, ana farawa bayan isha a kai asuba. Wata mace da ake kira muƙaddama ce ke shirya shi, a yi yanka, a turara jawi, a bi waƙoƙi rukuni-rukuni, kowane rukuni da launin tufafinsa da aljanun da ake dangantawa da shi. Masana sun daɗe suna nuna alaƙarta da bori, kuma mai hankali zai gan ta da idonsa. 'Yan Gnawa suna buɗewa da salatin Annabi, suna kuma ɗaukar Sayyidina Bilal a matsayin kakansu, har zawiyarsu da ke garin sunansa take ɗauke da shi. An fi yin lila a watan Sha'aban. Ba a shiga sai da gayyata, ba a ɗaukar hoton wanda ya faɗi, ana cire takalmi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da irin wannan taro ba ya tsaya a wasan dandali, ba wanda zai tsangwame shi.

Yaya ake isa?

Ɗan Najeriya na buƙatar biza. Jirgin Royal Air Maroc na tashi daga Legas da Yamai zuwa Kasabalanka. Daga nan a hau jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, sannan motar bas ta kamfanin Supratours ko CTM, kusan awa uku, domin layin dogo bai kai Essawira ba. Dirhami, kuɗin Maroko, a can ake canza shi, don haka a tafi da dala ko yuro.

Me ke ba baƙi wahala?

Iska. Tana busowa daga teku kusan kullum, ta fi ƙarfi a tsakiyar shekara, kuma dare yakan yi sanyi ko a Yuni. Wanda ya zo da 'yar shara kawai zai bar wasa tun bai kai rabi ba, saboda haka a taho da rigar sanyi. Mota ba ta shiga cikin ganuwa, sai masu tura kaya a amalanke daga ƙofa, kuma a yi ciniki kafin a ɗora jaka. Makaɗan titi suna jiran 'yan dirhami idan ka tsaya kallo ko ka ɗauki bidiyo, a ba su. Mai son sayen gimbri ya duba fatar: danshin teku na sa ta saki, idan kuma ta shiga bushewar hunturun arewa sai ta ɗaure har ta iya tsagewa, don haka kada a ajiye ta a rana.