Muryar da ke ce maka ba ka iya ba

Ana yabon aikina, amma a zuci ji nake kamar yaudarar mutane nake yi. Ni kaɗai ne haka?

A'a. A 1978 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun yi rubutu kan matan da suka kai babban matsayi amma suke ganin sa'a ce kawai, suna fargabar ranar da asirinsu zai tonu. Marubuta da masu zane da mawaƙa sun san wannan fargaba sarai. A ganina, tushenta shi ne ido yakan riga hannu ƙwarewa. Kana gane aiki mai kyau in ka gan shi, naka kuwa bai kai can ba tukuna, sai ka ɗauki tazarar a matsayin rashin baiwa. Alhali idon nan da ke hango kurakuranka shi ne zai gyara su. Kada dai ka bar shi ya yi hukunci kana tsakiyar ƙirƙira. Gama zubin farko, ajiye shi kwana biyu, sannan ka duba.

To, in jira sai ilhama ta zo?

Za ka daɗe kana jira. Anthony Trollope, marubucin Ingila a ƙarni na 19, ma'aikacin gidan waya ne. Da sassafe yake zama, agogo a gabansa, ya rubuta kalmomi 250 duk minti 15 kafin ya tafi ofis. Da haka ya bar littattafan labari 47. Ba sai ka yi yawan nasa ba. Ware lokaci ƙanƙani da ba za ka saɓa ba, ko minti 20 ne.

Shekaruna sun ja, ban makara ba?

Vincent van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holland, yana ɗan shekara 27 ya rungumi zane, a 1880, kuma shekara 10 kacal ya yi yana yi kafin rasuwarsa.

Idan aka ƙi aikina fa, gwiwata ta yi sanyi?

Ka ji zafin, ba laifi ba ne. Bayan ya lafa, sake karanta abin da aka ce. In akwai gyara, ɗauka. In babu, tura aikin wani wuri. Amma idan ƙuncin ya shafe makonni, barci da cin abinci suka gagara, ya wuce batun fasaha. Ka faɗa wa wanda ka amince da shi, ka kuma ga likita.