Mali

Mali ƙasa ce a Afirka ta Yamma wadda ba ta da gaɓar teku. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.2, kuma ƙasashe bakwai ne suka kewaye ta: Aljeriya, Nijar, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini, Senegal da Muritaniya. Babban birninta Bamako. Arewacinta hamada ce, shi ya sa yawancin jama'a suke zaune a kudu, inda damina ke sauka.

Kogin Kwara ne ya riƙe ƙasar. Daga tsaunukan Gini yake gangarowa, ya ratsa Bamako da Segu da Mopti, ya gifta kusa da Tambutu, sannan ya karkata zuwa Gao ya shiga Nijar. A tsakiyar ƙasar yakan cika ya malala duk shekara, ya zama fadama sai ka ce ba ta da iyaka. Masunta Bozo su baza komarsu, manoma su shuka shinkafa, in ruwa ya janye Fulani su sako shanu.

Sunan ƙasar na tsohuwar daula ne. Sunjata Keita ya kafa daular Mali bayan yaƙin Kirina, wajen shekarar 1235. Sarkinta da ya fi shahara shi ne Mansa Musa, wanda ya je aikin hajji a 1324, ya raba zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi. Wangarawan da Tarihin Kano ya ce sun kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji daga Mali suka fito. Bayan Mali sai daular Songhai, wadda sojojin Maroko suka karya a Tondibi a 1591. A ƙarshen ƙarni na 19 Faransawa suka mamaye yankin, suka kira shi Sudan ta Faransa. Ƙasar ta tsaya da ƙafarta ranar 22 ga Satumba, 1960, Modibo Keita ne shugabanta na farko.

Wanda ke son ganin hannun magina sai ya dubi babban masallacin Jenne, ginin ƙasa mafi girma a duniya, wanda aka sake ginawa a 1907. Azarorin giginya sun leƙo daga bangonsa, su ne matakala. Kowace shekara garin kan fito kwansa da kwarkwata don yi masa yaɓe: mata na ɗebo ruwa, samari na gudu da kwandunan laka a ka, magina na sama suna shafewa da tafin hannu. A Tambutu kuwa, gidajen malamai sun adana dubban littattafan rubutun hannu na fiƙihu da taurari da magani. Da 'yan bindiga suka kama garin a 2012, mutanen gari suka ɓoye da yawansu cikin akwatuna, suka kai su Bamako a ɓoye. Wannan jarumta ce da ta cancanci yara su sani.

Bambara ne harshen da aka fi ji a kasuwa. Tarihin zuri'a yana bakin maroƙan da ake kira jeli, masu kaɗa kora mai tsirkiya 21. Akwai kuma sinankuya, wasan da ke tsakanin wasu dangogi da ƙabilu, kamar na taubasai: mai sunan Tarawore ya ce wa mai sunan Jara bawansa ne, a yi dariya, ba wanda ya isa ya yi fushi.