Mita 25 na bakin kogi: waiwaye kan haƙƙin jama'a a gaɓar Isa

Nijar ba ta da teku, amma rigimar gaɓa ba ta bar ta ba. Kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, yana ratsa ƙasar tsawon kusan kilomita 550, a Yamai kuma ya raba gari biyu. Duk wanda ya bi hanyar bakin kogi daga Yantala zuwa Gamkale ya san yadda abin yake: nan katanga, nan shingen garka, can wurin shaƙatawa da mai gadi a ƙofa, sai ɗan lungun da masu wanki da masu kwalekwale ke matsewa su gangara. Dokar da ta ce wannan gaɓa ta kowa ce kuwa ta girmi kusan duk katangun.

Tun kafin zuwan Nasara ruwa yana da masu shi, amma ba irin mallakar gona ba. Sarkin ruwa da Sorkawa su ke faɗin lokacin kamun kifi da wurin da za a bar kifi ya huta, ba su hana mace ɗiban ruwa ko makiyayi shayar da garkensa. Mashaya da mashigi na gari ne. Malamai ma a kan haka suke: hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, littattafan fiƙihu kuma sun ware harami ga kogi da rijiya, filin da ba mai ikon killacewa ya ce nasa ne.

Faransawa sun zo da tasu fahimtar, wadda asalinta ke can cikin dokar Rumawa. A kundin sarki Justiniyan na shekarar 533 an rubuta cewa iska da ruwa mai gudu da teku da bakin teku na kowa ne. Wannan ra'ayi ne ya biyo jirgi har Afirka ta Yamma, ya zama dokar 29 ga Satumba 1928, shekara 2 bayan an ɗauke fadar mulki daga Damagaram zuwa Yamai. Ga ƙasashen da ke bakin teku, irin su Senegal, dokar ta keɓe mita 100 daga inda ruwa ke kaiwa in ya yi toroƙo. Ga kogin da jirgi ke bi, ta keɓe mita 25 a kowace gaɓa, har da gefen tsibirai, a matsayin hanyar wucewa. Kada a ɗauka don mai tulu aka yi ta; gwamnan Nasara jiragensa da ikonsa yake tsarewa. Sai dai ta bar abu biyu masu amfani ga talaka: filin ba ya sayuwa, kuma daɗewa a kansa ba ta mayar da shi na mutum. Iyakar abin da hukuma za ta iya bayarwa izinin zama ne na wucin gadi, wanda za ta iya janyewa.

Bayan samun ƴancin kai ba a yar da wannan tsari ba. A ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu kan dokar tsarin karkara da dokar ruwa, ta biyun kuma ta maimaita mita 25 ɗin, ta haɗa da tabkuna da ƙoramun da ke ƙafewa da rani. A 2010 aka yi sabon kundin ruwa wanda ya amince cewa samun ruwa haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, aka kuma yi dokar kiwo da ta tabbatar wa dabbobi hanyar zuwa mashaya. Wannan ya shafi wurare irin jihar Tawa, inda garake kan kewaye tabki irin na Tabalak da rani, makiyayi ya iso ya tarar burtali ya zama albasa.

To, ina gizo yake saƙa? A wurin awo. Doka ta ce a fara ƙirga daga inda ruwa ke tsayawa in kogi ya cika maƙil kafin ya yi ambaliya, Isa kuwa ba ya tsayawa wuri guda. Sau biyu yake cika a shekara: jan ruwan damina da rassansa Sirba da Dargol da Gorwal ke kawowa a Agusta da Satumba, sannan ruwan da ke tasowa daga ƙasar Gini ya iso cikin sanyi. A shekarun fari kogin ya janye sosai, har a 1985 ya daina gudu a Yamai. Garin kuma yana ta kumbura, musamman Harobanda, hayin kogi, da gadar Kennedy ta buɗe tun 1970. Mutane suka bi ruwan da ya ja baya, suka yi garka, garka ta zama gida. Iyalan tsoffin ƙauyuka kamar Gudel da Gamkale da Saga, waɗanda kakanninsu ke noma gaɓar tun ba a san birnin ba, suna ganin gadonsu suke sayarwa, kuma da wuya a ce ba su da hujja ko kaɗan. Mai saye ya riƙe takardar ciniki, ya ja katanga har cikin laka. Ba wanda ya soke dokar. Taku-taku aka cinye ta.

Da ruwa ya dawo sai ya tarar da gidaje a makwancinsa, yashi kuma ya cike masa ciki. Bayan ambaliyar 2012 an kwashe iyalai da dama zuwa unguwar Seno. A Satumba 2020 ma'aunin ruwan kogi a Yamai ya kai santimita 700, ruwa ya ɓalle a Lamorde ya shiga unguwanni. Duk lokacin da haka ta faru akan tuna da batun hana gini a bakin kogi, amma da sunan tsaron rai, ba da sunan haƙƙin masunci ko mai wanki na isa ruwa ba. Kuma galibi mai bukka ne ke tashi, mai siminti ya ƙara wa katangarsa tsawo.

Faransa kanta sai a 1976 ta tilasta wa masu filaye a bakin teku barin hanyar ƙafa ta mita 3, a 1986 kuma ta hana sabon gini cikin mita 100 a wajen garuruwa. Can ana kafa alama a zana taswira. A Yamai, mai tafiya a gaɓa da wuya ya ga turken da ke nuna inda mita 25 ta fara da inda ta ƙare, shi ya sa in mai gadi ya ce "Malam, nan ba hanya," sai mutum ya juya ya nemi wani lungu.