Sashe na 24: Abin da dokar intanet ta hana 'ya'yanmu da abin da ba ta hana ba

Magana ta bazu a zaurukan WhatsApp na iyaye a Kano, wai duk yaron da ya yi rubutu a Facebook ko ya ɗora bidiyo a TikTok har wani ya ji haushi, to ɗaurin shekara uku na jiransa. Wasu iyaye har sun ƙwace wayoyin 'ya'yansu. Jama'a, ba haka dokar take ba yanzu.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ce ake nufi, kuma ta hau kan kowa, babba da yaro. Babu inda ta hana matashi hira da abokansa ko buɗe zauren 'yan ajinsu. Sharaɗin shekara 13 na buɗe shafi kuwa ƙa'idar kamfanonin ce.

Tsoron ya samo asali ne daga tsohon sashe na 24, wanda ya ce aika saƙon cin fuska, ko ƙarya don a ɓata wa wani rai, laifi ne. Da shi aka riƙa kama 'yan jarida, har Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a gyara, aka cire maganar ɓata rai. Abu biyu suka rage a ƙaramin sashe na farko: aika batsa, da aika abin da mutum ya san ƙarya ne da niyyar tayar da tarzoma ko jefa rai cikin haɗari. Hukuncin na nan yadda yake, tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. A lura da "ya san ƙarya ne". Yaron da ya tura labari bisa kuskure ba ɗaya yake da wanda ya ƙirƙiro shi ba. Duk da haka ban gamsu da "tayar da tarzoma" ba, domin mai iko na iya ja ta yadda yake so, ɗan talaka kuwa kafin lauya ya iso ya kwana a caji ofis. Kuma ɓata suna har yanzu laifi ne a Final Kod, dokar hukunta laifuka ta jiha.

Abin da ya kamata iyaye su ji tsoro shi ne wanda ba a maganarsa. Sashe na 23 ya ce hoton tsiraicin wanda bai kai shekara 18 ba, yaɗa shi na iya jawo ɗaurin shekara 10, ajiye shi a waya kawai shekara 5. Ɗalibin da ya tura hoton 'yar ajinsu a zaure yana ganin wasa ne, ya faɗa ciki.

Dokar kuma tana bayan yarinyar da ake tsoratarwa. Wanda ya ce mata ta turo kuɗi ko ya tona mata asiri, sashe na 24 ya tanadar masa shekara 5 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 15 ba. Yarinyar da ta san za a ƙwace mata waya ba za ta faɗa wa Umma ba, sai ta biya a ɓoye. Idan ta faɗa, kada a goge saƙonnin, da su za a je wajen 'yan sanda.