Ƙyarƙyarar kaza lokacin ƙwai: ga amsoshin, a daina tada hankali

Ciwo ne ke sa ta ihu?

A'a. Kula da kyau, yawanci sai ƙwan ya faɗo ta taso daga gurbi sannan take ɓarkewa.

To me ya sa take yi?

Gado ne. Asalin kajin gida kajin daji ne na Kudu maso Gabashin Asiya, inda mai ƙwai ke warewa daga sauran ta ɓuya. Bayanin da aka fi karɓa shi ne in ta gama tana kiran 'yan'uwanta ne, zakara ya amsa ya zo ya taho da ita. Shi ya sa ɗaya na farawa sauran ke ɗauka.

Sai da zakara take yin ƙwai?

A'a. Zakara don ƙyanƙyasa ne kawai.

Ta yi ƙyarƙyara, na duba babu ƙwai.

Wataƙila taya wata take yi, ko kuma ba ka duba da kyau ba. Kazar Hausa gwanar ɓoye ƙwai ce: ƙarƙashin rumbu, bayan tulin itace, cikin tsohon kwando. Kulle su a akurki har azahar na kwana 3 ko 4. In har yanzu babu, nemi ɓawo a ƙasa, wata na fasawa tana sha, ko gafiya na ɗauka.

Yaya zan gane ƙwai ya maƙale?

Wannan ce tambayar da ya kamata ku riƙa yi. Kazar da ƙwai ya maƙale wa ba ta cika hayaniya ba. Takan yi shiru, ta ƙi tsaba, ta saukar da wutsiya, tana shiga gurbi tana fita tana yunƙuri. Amma waɗannan alamun ba hujja ba ne. Mai shirin kwanci ma takan lafe a gurbi, sai dai ita tana hura gashi tana saran hannu. Ruwa a ciki ko ƙari ma kan kawo irin waɗannan alamun. Taɓa ƙasan cikinta a hankali, wataƙila ka ji abu mai tauri kusa da dubura, wataƙila kuma ya yi can ciki ba za ka ji ba. In ka ji shi, zaunar da bayanta cikin ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20, ka tsane ta, ka shafa ɗan man gyaɗa a bakin duburar, ka ajiye ta wuri mai duhu ita kaɗai. Don Allah kada ka matsa! In ƙwan ya fashe a ciki, ɓawon zai iya yanke ta, ciwo ya shiga. Wani lokaci dabarar na ci, wani lokaci ba ta ci. In ta kwana haka, sai likitan dabbobi, domin kwana 2 na iya kashe ta. Sau da yawa sanadin ƙarancin sinadarin kalsiyam ne, ko ƙiba, ko sagara da ta fara ƙwai da wuri. Dusa zalla ba ta gina ɓawo. A ba su garin ƙashi ko dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa.

Maƙwabta na ƙorafi, yaya zan hana ta?

Ba za ka hana ba, 'yan mintuna ne. Abin da za ka rage shi ne rigimar layin shiga gurbi: gurbi 1 ga kaji 4 ko 5, faɗin santimita 30, a lungu mai duhu, da ƙaiƙayi a ciki.