Kolopati da tsarin abinci

Kolopati larura ce ta hanji da ke kawo ciwon ciki mai tafiya yana dawowa, tare da kumburin ciki da sauyin bayan gida: gudawa, ko ɗaurewar ciki, ko su biyun suna karɓa-karɓa. Sunan daga Faransanci yake, shi ne kuma aka saba ji a bakin likitocin Yamai da Tawa. In an yi awo ba a ganin miki ko ƙari a hanjin. Matsalar tana ga saurin motsinsa da saurin jin zafinsa, da kuma saƙon da ke kai da komowa tsakaninsa da ƙwaƙwalwa. Ba ta rikiɗewa ta zama ciwon daji. A gida akan haɗa ta da olsa ko basir, a kira su duka ciwon ciki. Mata sun fi kamuwa da ita, wani lokaci kuma takan soma ne bayan mutum ya yi gudawa mai tsanani ta ƙwayar cuta.

Tarihi

Likitocin ƙarni na 19 sun san larurar da sunaye iri-iri. William Osler ya yi bayanin wani nau'inta a littafinsa na 1892, yana danganta ta da majinar da ke fita tare da bayan gida. Sunan da ake kiranta da shi yau a Turai da Amurka, wato IBS a Turanci, ya bazu ne wajen tsakiyar ƙarni na 20. A 1978 Manning da abokan aikinsa a Bristol ta Ingila suka fitar da alamomin gane ta, sannan ƙa'idojin gane ta da ake kira ƙa'idojin Rom suka biyo baya tun wajen 1990. Bugu na huɗu, na 2016, ya ce sai ciwon ciki ya kai aƙalla kwana ɗaya a mako cikin wata uku na ƙarshe, kuma ya zamana ya faro wata shida ko fiye da suka wuce. Da wannan ma'auni, kusan mutum 4 cikin 100 ne ke da ita a duniya. Da ma'aunin da ya gabace shi, wajen 10.

Shawarar abinci ma ta sha sauyi. A shekarun 1970 likitan fiɗa Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, ya yaɗa ra'ayin cewa abincin ƙauyukan Afirka mai yawan dusa da ganye ne ya kare mutanensu daga cututtukan hanjin da suka addabi Turawa. Daga nan aka shiga ba masu kolopati dusar alkama, har shekara kusan ashirin. A 1994 Francis da Whorwell a Manchester suka nuna cewa dusar ta ƙara wa kashi 55 cikin 100 na marasa lafiyarsu ciwo, kashi 10 kaɗai ta sauƙaƙa wa. Tun daga lokacin ake bambanta zare mai kaushi irin na dusa da zare mai yauƙi da ke jiƙa a ruwa, wanda shi ne yake taimakawa.

A 2005 Peter Gibson da Susan Shepherd na Jami'ar Monash a Melbourne ta Ostareliya suka haɗa wasu nau'o'in sikari a rukuni guda, suka sa musu suna FODMAP. Ƙaramin hanji ba ya tsotse su sosai, sai su jawo ruwa, su gangara babban hanji, ƙwayoyin da ke zaune a can su ruɓar da su, iska ta taru. Haka yake faruwa a cikin kowa. Mai kolopati ne kawai yake jin miƙewar hanjin a matsayin ciwo.

Abincin gida

Jerin abinci masu FODMAP da Monash ta fitar an gina shi a kan kwanon Turawa, amma abubuwa huɗu daga cikinsa suna nan a kowace tukunya a Nijar: albasa, wake, alkama da madara.

Albasa ce ta fi wuyar kaucewa, musamman a jihar Tawa, inda ake noman jar albasar Galmi, inda kuma miya ba ta haɗuwa sai da ita. Sikarin da ke cikinta da cikin tafarnuwa yana narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a mai. Saboda haka akan soya manyan yanka a mai, a tsame su kafin a zuba ruwa, ƙamshin ya zauna. Tsame albasa daga miyar da ta riga ta tafasa ba ya amfani. Koren lawashi ya fi kan albasar sauƙi.

Wake, ko a ƙosai ko a alala ko a shinkafa da wake, yana da irin sikarin da jikin ɗan Adam ba shi da sinadarin narkar da shi. Jiƙa shi da zubar da ruwan yana ragewa, ba ya kawarwa. Burodin safe na Yamai da taliya suna cikin rukunin alkama. Gero, dawa, masara da shinkafa kuwa ba su da yawan wannan sikari, shi ya sa tuwo da kunu suka fi kwanciya wa mutane da dama.

Fura, ko hura a bakin Adarawa, ba geronta ba ne abin dubawa, nonon ne. Nono mai tsami da cuku sun fi ɗanyar madara ƙarancin sikarin madara. Fulani da Buzaye sun fi yawancin maƙwabtansu gadon iya narkar da shi har girma.

Mangwaro, kankana, zuma da dabino mai yawa sukan tayar da ciki. Gwanda da abarba sun fi sauƙi. Nama, kifi da ƙwai ba su da FODMAP, sai dai kitse da yaji sukan motsa hanji ta wata hanya dabam. Haka shayi mai ƙarfi na zaman fada, da kofi da goro.

Yadda ake gwaji

Matakin farko ba hani ba ne. Jagorar NICE, hukumar da ke tsara shawarwarin kiwon lafiya a Ingila, wadda ta fara fita a 2008, ta ce a ci abinci a kan lokaci ba da gaggawa ba, a sha ruwa aƙalla kofi 8, kada shayi da kofi su wuce kofi 3 a rana, a rage lemon kwalba. A watan azumi wannan na nufin raba buɗe-baki gida biyu ko uku maimakon cika ciki a zama ɗaya.

In hakan bai isa ba sai a gwada rage FODMAP na mako 2 zuwa 6. Bayan haka a riƙa maido da abinci ɗaya-ɗaya, kwana uku ga kowane, ana ƙara yawansa ana rubuta abin da ya faru. A ƙarshe mutum ya bar abin da ya tabbata yana damunsa kawai. Yawanci batun na yawa ne: cokali biyu na wake ya wuce lafiya, kwano guda ya hana barci. Ba a so a daɗe a matakin rage FODMAP, domin yana rage ƙwayoyin hanji masu amfani, ga shi kuma wake da nono su ne abincin gina jiki mafi araha a gidaje da yawa. Inda ake ci a kwano ɗaya, ɗebe wa mai larurar miyarsa kafin a sa albasa ya fi sauya girkin gida duka.

Abubuwan da ake taƙaddama a kai

Man na'a-na'a a ƙwaso yana rage murɗar ciki ga wasu. Masana sun rabu a kan magungunan da ake sha don ƙara ƙwayoyin hanji masu amfani. Ba a amince da awon jinin da ake tallatawa don gano abincin da jiki ba ya so ba.

Alamomin da ba na kolopati ba

Jini a bayan gida, rama ba dalili, zazzaɓi, ƙarancin jini, gudawar da ke tashin mutum da dare, ko ciwon da ya fara bayan shekara 50, duk suna buƙatar awo a asibiti kafin a taɓa abinci. A Nijar akan fara da awon bayan gida, saboda atuni da tsutsar ciki suna kama da kolopati ƙwarai.